Hoton Doguwar Inna

Shagona na ɗaukar hoto yana bakin kwalta a Dogon Dutsi, tsakanin mai gyaran babur da wata mai sayar da ƙanƙara, kuma duk wanda ya tsallako bakin ƙofarsa ya shigo ƙasata. Ni gajeriyar mace ce, muryata ko ɗaki ba ta cikawa, amma da zarar na rataya kyamara a wuya sai wani iko ya sauko mini wanda ban san inda yake ɓuya sauran lokaci ba. Na taɓa sa jandarma ya haɗiye tumbinsa. Na sa wani hamshaƙin ɗan kasuwa ya fito da goro daga kumatunsa ya riƙe a hannu har na gama. "Ɗaga haɓa. Sauke kafaɗa. Kar ka motsa. Wa ya ce ka yi dariya?" Bakina ya saba da su har wani lokaci nakan ji kaina ina faɗa wa maigidana haka yana tsakiyar cin tuwo, shi kuwa bawan Allah sai ya ɗaga haɓar.

Abin da ke riƙe da shagon shi ne hoton katin shaida, da na ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, masu shiga jarrabawa, da na amare, sai ranakun salla da Kirsimeti da layi kan kai har gaban mai ƙanƙara. Abin da ke riƙe da ni kuwa wani benci ne da na ajiye a rumfar ƙofa don masu jira, wanda masu fasahar garin suka ƙwace ba tare da sun tambaye ni ba. Samari masu waƙar zamani sukan zo su baje a kansa suna gauraya Hausa da Faransanci, kowa na son in ɗauke shi yana harara. Masu ɗinkin hula sukan biyo, da wata mai zanen ƙwarya da ke kawo mini kayanta in ɗauka ta aika wa masu saye a waya. Amma masu bencin na ainihi su uku ne.

Na farko mai zane, wani dogon Kirista da ban taɓa ganin farcensa babu fenti ba. Shi ke rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci, shi ya ƙawata bangon cocinsu, shi kuma ya zana mini labulen nan biyu da ake tsayawa a gabansu a ɗauki hoto. Ɗaya jirgin sama ne da matakalarsa a sauke. Ɗaya gidan sama ne mai furanni, da firji a buɗe a tsakiyar lambu, don ya ce in ya sa shi cikin ɗaki wa zai gani. Kullum cikin musu muke da shi. Ya ce aikina danna maɓalli ne kawai, ni in ce zakin da ya zana a motar albasa ya fi kama da jakin da aka yi wa kitso. Ta biyu shugabar ƴan wasan kwaikwayo, muna ce mata uwar wasa, ma'aikaciyar ofishin magajin gari ce, mai muryar da in ta yi raɗa sai an ji a tasha. Na uku mai goge, daga wajen Matankari, ba ya zuwa sai ranar kasuwa, kuma bai cika magana ba. In musu ya yi zafi sai ya ja gogensa sau ɗaya, ya yi wani kuka mai ban tausayi, kowa ya fashe da dariya.

Ranar wata kasuwa bayan girbi, mai goge ya iso da wata tsohuwa tana dafe da kafaɗarsa. Ƴar ƙarama ce, busasshiya, da zanen saƙi wanda ya sha wanki. Ya ce Inna ce, tun zamanin mahaifinsa gidansu ke yi mata kiɗa. Na ba ta kujera, na kawo ruwa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

"Ɗiyata, ke ta mai ɗaukar mutane?"

"Ni ta, Inna. Na kati kika so, ko na ado?"

"Ba nawa na ba," in ji ta. "Na wadda ka hawana na."

Na dubi mai goge, ya sunkuyar da kai yana shafa izgar gogensa. Sai a lokacin na gane. Inna godiyar bori ce, wato in an yi wasa, aka kaɗa goge da ƙwarya, wata doguwa takan sauko ta hau ta, ta yi magana da bakinta, ta yi rawa da ƙafafunta. Ba ta faɗi sunan doguwar ba, ni ma ban tambaya ba.

"Tun ina budurwa taka zuwa," ta ce. "Garinmu ba wanda bai san ta ba, hal jikokina. Ni ɗai ban taɓa ganinta ba. In ta zaka ni na tahi, in na komo ta wuce, ta bar min ciwon gwiwa da ƙasa ga baki. Sai su zamna su ba ni labari, ta ce kaza, ta yi kaza, ni ko awa wadda anka yi biki gidanta tana kwana." Ta taɓa gefen idonta da yatsa. "Ga idanun ga sun hwara ruhewa. Bara ina gane akuyata daga bakin rijiya, bana sai ta yi kuka. So nika in gan ta tun da sauran haske."

Mai goge ya ƙara da cewa sun je likita, an duba, an ce ba irin wanda ake kankarewa ba ne, sai dai haƙuri.

Ni a gidan da na tashi, in aka jiyo goge daga nesa mahaifiyata taga take rufewa ta ƙara muryar rediyo. Don haka tsoro ya kama ni har tafin ƙafa. Amma daɗi ma ya kama ni, don wane mai hoto ne a duk faɗin Arewa aka taɓa kawo wa irin wannan aiki? Na ce na karɓa tun kafin tsoron ya gama yi mini bayani.

"To Inna, tunda kin yarda, sai a sa rana."

"Ni na yarda, amma ni ba ni nan ranar. Ita za ki tambaya. In ta ƙiya, ki naɗe kayanki ki koma gida da mutuncinki."

Suna fita benci ya kaure da hayaniya. Uwar wasa ta ce ko ana ha maza ha mata sai ta je, wai za ta koyo yadda ake shiga jikin wani a fito lafiya. Mai zane ya buga cinya ya ce ba za a tsai da doguwa gaban firji ba yana raye, zai zana mata labule nata na kanta. Na ce, "Kai da kake dattijon coci?" Ya ce, "Fenti za ni yi, ba tsahi ba." Ya bar allon wani mai magani a rabi, ya kulle kansa a shagonsa, ya fito da daji guda: ƙatuwar tsamiya, da suri, da zabi na kiwo, ga dutsen garinmu can baya rana ta mai da shi ja. Gaskiya ya yi kyau ƙwarai, na kuma ƙi faɗa masa.

Ni damuwata yadda zan nemi izini ce. Uwar wasa ta ce wannan ai aikinta ne, a yi gwaji. Da rana tsaka in ba kowa, sai ta yafa baƙin ƙyallen da nake rufe na'ura da shi, ta hau kujerar amare, ta zare ido, ni kuma in durƙusa in ce, "Ranki shi daɗe, uwar daji, baƙuwarki ta zaka da roƙo." Ba mu taɓa kai ƙarshe ba. Ko ta ce in kawo mata kilishi tukuna, ko ta tambaye ni ina takardar izinina mai hatimi, mu zube ƙasa muna dariya har mai gyaran babur ya leƙo da sifana a hannu ya tambaya ko lafiya. In na koma gida kuwa, bayan salla sai in ƙara da addu'ar neman tsari, don ban san wa ke sauraronmu ba.

Ranar wasan muka shiga motar daji mai zuwa Matankari, daga can aka ɗauke mu a amalanken jaki. Mai zane ya naɗe sabon labulensa cikin tsofaffin nan biyu, na jirgi da na gidan sama, don kada igiya ta kankare masa fenti, ya rungume su duk hanya yana yi wa mai amalanke faɗa a kan kowane rami. Uwar wasa ta yi wa jakin waƙa tun daga bakin gari har muka sauka. Ni kyamarata na ƙanƙame, ina ta maimaita gaisuwata a zuci.

A filin ƙofar gidan Inna aka yi, bayan azahar. Jama'a sun yi da'ira, masu ƙwarya sun kife kayansu a gabansu suna kaɗawa, mai gogenmu kuwa da na sani da shiru ya zama wani mutum dabam, wuya a miƙe, yana kirari yana gumi. Inna na zaune kan tabarma, ƙafa a miƙe, kamar mai jiran a kira ta wajen likita. Aka yi ta kiɗa. Iskokin wasu mata suka zo, suka yi abin da za su yi, suka tafi. Inna shiru. Ni kuwa ba ita nake kallo ba, rana nake kallo tana gangarawa wajen rumbuna, hasken da zan yi aiki da shi yana tsiyayewa. Na ce wa uwar wasa, "In ba ta zaka yanzu ba, duhu za ni ɗauka." Ta ce in je in gaya mata da kaina.

Sai mai goge ya sauya take. Kafaɗun Inna suka fara kaɗawa, kanta ya bi, ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin mutum ba, ta kife. Mata suka rufe ta da zane suka yi ta hidima a ƙarƙashi. Da suka yaye sai ga ta cikin baƙin saƙi da jan ɗankwali, da wata ƴar sanda mai ado a hannu. Ta miƙe. Ni dai abin da idona ya gani nake faɗa: tsohuwar da ta shigo shagona dafe da kafaɗar mutum ta tsaya ƙyam, ta taka fili daga wannan gefe zuwa wancan, ta yi juyi har zanenta na kaɗawa. Guɗa ta ɓarke. Wallahi na ji ina son in rangaɗa guɗar ni ma.

Aka kife mata turmi ta zauna. Mutane suka riƙa zuwa suna durƙusawa, wannan da maganar jariri mara lafiya, wancan da ta gona. Da aka zo kaina mai goge ya yafito ni. Na durƙusa, na buɗe baki, duk abin da muka gwada da uwar wasa ya gudu ya bar ni.

"Wagga ɗiya mi taka so," in ji doguwa, da wata murya da ke fitowa ta hanci, "da baƙin abu rataye ga wuya?"

"Ranki shi daɗe," mai goge ya ce, "godiyarki ta aiko ta. Idonta na ruhewa, so taka ta gan ki. Abin ga shina kama kamannun mutum shi aje."

Ta ƙura mini ido. Sannan ta ƙyalƙyale da dariya.

"Godiyata ba ta taɓa roƙona komi ba. A yi mata."

Mai zane bai jira an kira shi ba. Ya kwance igiya, ya sa wasu dogayen maza suka riƙe masa kusurwoyi, ya warware dajinsa yana wani sunkuyar da kai irin na wanda ya san yabo na tafe. Jama'a suka ce "Kai!" Doguwa ta taso ta tsaya gabansa, hannu a ƙugu.

"Mi na na wanga?"

"Daji na, ranki shi daɗe. Ga tsamiya, ga suri."

"Kai ɗan Adam, daga ina kaka zato nit taho?"

Fili ya ɗauki dariya, har masu ƙwarya suka kwanta a kan kayansu. Ta nuna naɗaɗɗun labulen da ke ƙasa da sandarta ta ce a buɗe. Aka buɗe na jirgi, ta yamutsa fuska ta ce wannan ta san shi, sukan gamu a sama, ya cika hayaniya. Aka buɗe gidan sama. Ta daɗe tana kallon furanni, ta taɓa firjin da sanda, ta tambayi abin da ke ciki, mai zane ya ce lemu ne mai sanyi da kankana. Ta ce nan za ta tsaya. Ni kam ban yi mamaki ba, don duk wanda ya shigo shagona abin da ba shi da shi a gida yake so a bayansa. Amma ban taɓa ganin fuskar da fushi da alfahari suka haɗu a kanta irin ta mai zane a ranar ba, don firjin ma ai shi ya zana.

Rana ta sauko dab da kan rumbuna, hasken ya yi laushi, ja-ja, irin wanda mai hoto ke roƙon Allah ya ba shi. Na ja baya, na sa ido a kyamara. To, nan ne abin ya faru. Da idona ya shiga wannan ƴar tagar, na manta garin da nake, na manta turmi da goge, na manta wadda ke gabana. Abin da na gani kawai wata mata ce ta zo ɗaukar hoto ta sunkuyar da kai, inuwar ɗankwali ta rufe mata ido, kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya.

"Ke! Ɗaga haɓa! Sauke kahwaɗar ga! Kar ki motsa!"

Goge ya tsaya. Ƙwarya ta tsaya. Wata mata ta ɗora hannu biyu a kai. Na ji uwar wasa a bayana tana salati, ita da ba ta san raɗa ba. Na sauke kyamara a hankali, na ga duk garin ni yake kallo, na fara tunanin wanda zai je ya gaya wa maigidana.

Doguwa ta dube ni daga sama har ƙasa. Sannan a hankali ta ɗaga haɓa, ta sauke kafaɗa, ta gyara riƙon sandarta.

"Haka?"

"Haka, ranki shi daɗe," na ce, na danna.

Daga nan kuma ba ta bar ni na huta ba. Ta juya gefe, ta dafa firji, ta ɗaga sanda sama, ta yi dariya da duk bakinta, kowanne sai ta ce, "Kama wanga." Mai goge ya koma kiɗa yana dariya har hannunsa na kuskure. Da na gama ta matso, ta nuna ni ga jama'a da sanda ta ce, "Wagga ɗiya tana da kai. Da ta yi godiya mai kyau." Ban san lokacin da na tsinci kaina a bayan uwar wasa ba, ina riƙe da zanenta gam.

Ba a jima ba ta yi atishawa, ta sulale, mata suka tare ta. Da aka yaye zane sai ga Inna, ƴar ƙaramar nan, tana haki tana neman ruwa. Ta lalubo hannun da ke kusa da ita ta ce, "Ta yarda?" Aka ce ta yarda, har ma ta zaɓi gidan sama mai firji. Inna ta rufe baki tana dariya ta ce, "Aradu za ta aikata." Na durƙusa na nuna mata hoton a bayan kyamara, ta ce hayaƙi take gani. Na ce kada ta damu, wannan ƙarami ne, ta zo ranar kasuwa ta ga babba.

Kafin mu iso gida labarin ya riga mu. Uwar wasa ta ce wa jakin amalanke ya ɗaga haɓa, ta ce wa direban mota ya sauke kafaɗa, washegari kuwa ta yi wa duk ofishinsu wasan daga farko har ƙarshe, ita ce ni ita ce doguwa. A kasuwa mahauta na ganina sai su ƙame su ɗaga haɓa. Na wanke hoton mafi girman da na'urata ke iyawa, na sa shi a gilashi, ya yi kyau har ni kaina nakan bar aiki in tsaya kallo. Samarin waƙa suka ce in ba su su sa a fuskar sabuwar waƙarsu, mai zane ya ce a kai shi gidan matasa a baje tare da zane-zanensa, a rubuta a ƙasa wanda ya yi firjin. Na ce ba inda za shi sai mai shi ta gani.

Ranar kasuwa Inna ta zo da sabon zane, ta sha kwalli, ta shafa turare. Na miƙa mata ina murmushi har kunne. Ta fita da shi rana, ta kawo shi dab da hanci, ta miƙar da hannu, ta karkata kai, ta gwada da ido ɗaya, ta gwada da ɗayan. Mu duka muna tsaye muna jira. Ta daɗe. Sannan ta goge gilashin da bakin zanenta, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Kin yi ƙoƙari, ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Ina ganin baƙi da ɗan ja. Ku ku gani."

Ban taɓa jin haushin sana'ata ba sai ranar. Na shige ciki na zauna kan kujerar amare, hawayen takaici na zubo mini. Na je har garinsu, na daka wa iska tsawa, na dawo da hoton da ya fi duk wanda na taɓa ɗauka, ga shi kowa ya sake ganin doguwa ban da wadda ta aike ni.

Uwar wasa ce ta faɗo ciki tana ihu, "Majigi! Majigi!" Ƙungiyarsu tana da wanda suke haska wa ƙauyuka fim da shi a bango. Kafin in share ido ta hau kabu-kabu, ta dawo rungume da shi. Muka rufe ƙofa, muka toshe taga da labulen dajin nan da aka ƙi, mai zane na gunaguni, aka kafa farin ƙyalle a bango. Mai ƙanƙara ta kashe injinta don kada wuta ta yi mana gardama, ta shigo kallo. Aka zaunar da Inna a tsakiyar ɗaki. Na haɗa waya, na jawo fuskar kaɗai, na danna.

Doguwa ta cika bango, tana dariya. Har mai goge sai da ya ja da baya.

"Ga wani abu can," in ji Inna, ta miƙe. Ta taka, ta ƙara takawa, hannu a gaba. Tana shiga hasken inuwarta ta faɗa kan ƙyallen. Da ta isa dab da bango, inda idonta zai iya kamawa, babu komai a gabanta sai baƙin inuwar kanta. Idon doguwa da bakinta suka sauka a bayan Inna, a kan sabon zanenta, mu muna kallo.

"Ta tahi kuma?"

Ta koma baya, fuskar ta dawo bango, amma ta yi mata nisa. Ta matso, inuwa ta rufe. Ta gwada ta gefe, inuwar ta bi ta. Sai ta yi wata ƴar dariya da ta fi kuka ciwo.

"Halinta na. In na zaka, ta tahi. Ku bari, ɗiyana, kun wahala."

Mai zane ne ya ce ba wanda zai bari. Ya fizge ƙyallen daga bango, ya ce a cocinsu in za su yi wasan Kirsimeti bayan ƙyalle suke ajiye fitila, masu kallo suna gaba, ko mutum ya manna hancinsa ba ya tare haske. Ya rataya shi a ƙofar da ta raba shagon da ɗan ɗakin da nake ajiye na'urori, ya ja shi ya ɗame da ƙusa, ya kwashi majigi ya shige ta ƙasa. Muka ji yana tuntuɓe da bokiti yana tsaki. Sai haske ya huda ƙyallen daga baya, fuskar ta fito ta cika bakin ƙofa kamar mai shirin shigowa. Uwar wasa ta fara cewa hoton ya juye, dama ta koma hagu, na toshe mata baki da hannuna.

Inna ta taka har hancinta ya kusa taɓa ƙyallen. Babu inuwa. Hasken ya zuba a fuskarta. Ta fara daga jan ɗankwali, tana bi da ido da yatsa, kaɗan-kaɗan, ta sauko goshi, ta tsaya kan idanu ta daɗe, ta bi tsagar kumatu har ta iso bakin da ke dariya da giɓinsa.

Sai ta tuɓe takalmanta, ta dafa bango, ta durƙusa da ƙyar.

"Ranki shi daɗe," ta ce. "Sannu da zuwa. Ni ta godiyarki."

Ta ɗan dakata, yadda ake jiran amsar gaisuwa. Sannan ta ɗago kai, ta miƙa hannu ta shafa yamutsattsen kumatun da ke jikin ƙyallen.

"Wayyo, uwar ɗakina. Ni cikin raina ke yarinya ta hal yanzu, awa ranar da kinka hwara zuwa. Ashe tare munka tsuhwa."